Dinah Mai Gyare

A Gumel aka haifi Dinah, a unguwar da baƙin ma'aikata suke zama, bayan tashar mota. Mahaifinta Zakka mutumin kudancin Kaduna ne. Aikin malamin dabbobi ne ya kawo shi tun yana saurayi, ya yi shekaru yana zagaya rugage tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar yana yi wa shanu allura, har ya yi ritaya bai koma gida ba. Mahaifiyarta Jane ita ce mai buga tulu a zumuntar mata ta cocinsu. A gindin wannan tulun Dinah ta tashi, a nan kuma ta koyi do-re-mi tun ba ta iya ɗaura zane ba. Uwar ta rasu Dinah tana aji uku a sakandare, gida ya rage daga ita sai uban.

Gajera ce, baƙa, mai ƙaramar murya, kuma ba ta da yawan magana. Amma waɗanda suka san ta tun tana yarinya sun ce in ta kafe a kan abu, ko Zakka ba ya iya ɗaga ta. Da ta gama makaranta ta koyi bugun tafireta, daga baya wani ƙanin uwarta ya kai ta Kano ta yi 'yan watanni tana koyon kwamfuta. Ta dawo a 1995, daidai lokacin da Alhaji Abdulganiyu, mai shagon buga takardu a bakin tasha, ya sayo wata tsohuwar kwamfuta ya rasa mai taɓa masa ita. Sai ya ɗauki Dinah.

Aikin ba shi da wani armashi. Katin biki, takardar neman aiki, jawabin da wani babba zai karanta a taro. Mafi yawan aikin daga sakatariyar ƙaramar hukuma yake zuwa, don a lokacin su ma ba su da injin nasu.

Da daminar shekara ta biyu ta sauka, mutane suka watse gonaki, shago ya yi tsit. Don rage zaman banza Dinah ta ɗauko wani littafi mai kauri, marar bango, wanda ya zo a cikin kwalin injin. A can tsakiyarsa ta tarar da bayanin cewa injin yana iya fitar da sauti in an rubuta masa umarni. Haruffa bakwai ne, kowanne da muryarsa, kamar do-re-mi ɗin uwarta. Akwai kuma alamomin da ke sa murya ta hau ko ta sauka, ta yi tsawo ko ta gajarce. Ta buga haruffa biyar ta danna. Wani siririn kuka ya fito daga cikin akwatin ƙarfen.

Ilu mai gyaran rediyo, wanda rumfarsa ke manne da shagon, ya leƙo da ƙarfen dalma a hannu.

"Malama Dinah, gyare ne ya shiga injin Alhaji?"

Daga ranar sunan Mai Gyare ya bi ta.

Littafin ya nuna hanya biyu. Ana iya rubuta waƙa tun daga farko har ƙarshe, a gyara ta, a adana a faifai, duk ranar da aka so a danna ta fito yadda aka bar ta. Ana kuma iya rubuta layi ɗaya a tura, yayin da injin yake rera shi mutum ya yi maza ya rubuta na gaba. Injin ba ya riƙe sauti da yawa a lokaci ɗaya. In ya gama abin da ke bakinsa ba a ba shi wani ba, sai ya yi shiru. Dinah ta gwada hanya ta farko, ta ji kamar ta dafa tuwo ta ajiye ya kwana. Ta koma ta biyu, ba ta sake barinta ba. Ta kuma lura waƙoƙin da matan unguwa ke yi wajen daka da niƙa ba sa buƙatar haruffan bakwai duka, biyar sun ishe su, wannan ya ƙara wa hannunta sauri.

Ilu ne ya buɗe akwatin, da izinin Alhaji, ya jawo waya daga 'yar lasifikar ciki ya haɗa da wata babba da ya ciro daga mataccen rediyo. Kukan gyare ya zama kamar na sarewa mai kaifi. Masu jiran mota suka fara tsayawa a ƙofar shago da la'asar.

Wata rana wani dillalin shanu mai suna Manu, mutumin Damagaram da ke cin kasuwar Maigatari, ya tsaya ya saurara, sannan ya taɓe baki.

"Kaset ne a ciki. Ita dai taɓa madannai take yi don a ce tana wani abu."

Dinah ta dube shi. Ta tashi ta juya allon injin ya fuskanci ƙofa, ta ƙara wa haruffan girma yadda na waje zai gani, ta jawo kujerarta gefe.

"Baba, yi mini waƙar da ka tabbata babu kaset ɗinta."

Manu ya rera wani kiran shanu da ya ce kakarsa ce ke yi in za ta yi tatsa. Dinah ta buga, haruffa suka bayyana ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, injin ya rera.

"A'a," in ji Manu. "Ƙarshen ya hau da yawa. Ita sauke shi take yi."

Ta goge harafi biyu ta sa wasu. Injin ya sake rerawa. Manu ya dogara da sandarsa. Kafin ya ce wani abu ta ɗora wani layi a kai, nata na kanta, wanda ya amsa na kakar, ta sake dawo da na kakar, ta sake kauce masa. Ya tsaya har motarsa ta cika aka aiko kiransa. Bayan wannan rana allon bai sake fuskantar bango ba in tana kiɗa.

Zakka bai ji daɗin labarin ba. Wani dattijon coci ne ya tare shi bayan sujada ya ce an ga 'yarsa ta tara 'yan tasha tana yi musu wasa. Da suka zauna cin abincin rana ya ce mata, "Na kai ki makaranta don ki zauna a ofis. Mutanen garin nan suna girmama ni shekara da shekaru. Kin san inda suke ajiye makaɗi."

"Na sani, Baba."

"To?"

"Mama ma makaɗiya ce."

"Mamarki a ɗakin Ubangiji take buga tulu, ba a bakin tasha ba."

"Da an hana ta ɗakin, da ta buga a waje," in ji Dinah. Ta ci gaba da cin abincinta. Zakka ya san halin matarsa.

Bayan kakar 1998 aka shirya wani taron nuna fasahar matasa na ƙananan hukumomin nan huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a filin wata makaranta a cikin Gumel. An raba shi gida biyu. Akwai ɓangaren kimiyya, inda ɗalibai za su nuna abin da suka ƙera, akwai kuma ɓangaren wasanni, na kiɗa da waƙa da rawa. Dinah ta je wurin sakataren kwamitin, Malam Ya'u, ta ce a sa ta a ɓangaren wasanni.

Malam Ya'u dattijo ne mai fara'a, kuma ya san ta, don ita ke buga masa jawabai. Ya yi murmushi ya ce, "Kwamfuta ai kimiyya ce, 'yata. Je ki ga Malam Chris, shi ke riƙe da wannan ɓangaren."

Malam Chris malamin lissafi ne a wata sakandare, mutumin Filato, kuma duk yankin babu wanda ya kai shi sanin kwamfuta. Shi ne ma ya taɓa nuna wa Dinah yadda za ta taƙaita umarni don kada ta riƙa maimaita dogon rubutu. Ya karɓe ta da murna, ya ce zai ba ta tebur a gaba. Ya ce ta rubuta waƙoƙi uku, ta tace su sosai, ta adana a faifai, ranar taro in manyan baƙi sun iso teburinta sai ta danna.

"Ba zan adana ba," in ji Dinah. "A wurin zan rubuta."

"Don me?"

"Don shi ne abin da nake yi."

Malam Chris ya cire tabarau ya goge. "Ƙanwata, bari in gaya miki gaskiya. Abin nan da kike yi, duk mai rubuta furogiram, wato umarnin kwamfuta, yana yin sa. Ka buga layi, ka ga abin da injin ya yi, ka gyara, ka sake bugawa. Ni ma haka nake yi kullum a teburina. Sunansa gwaji. Hanya ce ta zuwa wurin aikin, ba aikin ba ne. Ke dai kin juya allo ne kawai."

"Malam, in kana gwajinka ƙishirwa ta kama ka, me kake yi?"

"In tashi in sha ruwa."

"Injin ya jira ka, babu wanda ya yi asara. Ni in na ɗaga hannu, shirun a kaina yake sauka, mutane suna kallo. Kai da injin kuke magana. Ni da mutane nake magana, injin baki ne kawai."

"Magana ce mai daɗi," in ji shi. "Amma umarni ɗaya muke bugawa, injin kuma bai san ko akwai mai kallo ba. Ba zan sa abin da ba a gama ba a gaban baƙi. In ya tsaya fa?"

"In ya tsaya su ga ya tsaya."

Suka koma wurin Malam Ya'u tare. Ya saurari kowa, sannan ya ce, "Malam Chris ya fi ki gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ranka ya daɗe, nawa goran a gaban jama'a ake fafe shi. Fafewar ce abin kallon."

Malam Ya'u ya yi dariya, ya ce to tunda ta nace wasa ne, ta je ta nemi yardar masu wasa. In Goggo Yelwa ta amince, shi ba shi da ta cewa.

Goggo Yelwa zabiya ce, uwar masu kiɗan ƙwarya ta Gumel, ta haura sittin amma muryarta ba ta tsufa ba. Babu bikin da ake yi a gidan mutunci ba a kira ta ba, kuma ita aka ɗora a kan 'yan wasan mata. Dinah ta same ta a tsakar gida tana shanya ƙore a rana. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Na ji labarinki," in ji Goggo. "Ke ce mai gyare. Wa ya koya miki?"

"Littafi, Goggo. Da kunne."

"A gidan wa kika gaji kiɗa?"

"Uwata tana buga tulu."

"To kawo tulun, in sa ki a gaba. Wannan abin naki fa, hannunki yana taɓa sautin?"

"A'a. Rubutawa nake yi, shi ya faɗa."

"Kin ji da bakinki. Ni in na bugi ƙwarya tafina ne ke zafi. Ke malama ce, rubutu kike yi. Abin da sai an ba shi fetur kafin ya buɗe baki ba zai hau tabarmata ba. Ki je wurin 'yan boko 'yan'uwanki."

"Su suka turo ni wurinki."

"To sun san abin da suka gani."

Da ta koma gida ta ba Zakka labari, sai ya girgiza kai ya ce, "Kin zama jemage. Tsuntsaye sun ƙi ki, ɓeraye sun ƙi ki. Sai ki haƙura."

"Jemage ma ai yana tashi," in ji ta.

Washegari ta tambayi Alhaji Abdulganiyu aron injin na yini ɗaya. Ya tambaye ta ko an ba ta wuri a taron, ta ce ba a ba ta ba, a waje za ta tsaya. Alhaji mutum ne mai gudun fitina, amma yana jin nauyinta, don tun da ta zo bai taɓa samun kuskure a aikinta ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ranar Alhamis ce, shi yana Maigatari cin kasuwa, abin da ya faru a shago bayansa bai gani ba.

Ranar taro da hantsi Ilu ya ɗora injin da lasifika da ɗan janaretonsa a amalanke, ya turo har ƙofar makarantar. Suka kafa tebur a inuwar wata darbejiya. Ba su gama haɗa wayoyi ba wani ɗan doka ya zo ya ce an ce su tashi, nan hanyar manyan baƙi ce. Dinah ba ta yi musu ba. Ta tambaye shi iyakar inda filin makaranta ya tsaya, ya nuna mata bakin titi. Suka kwashe kaya suka tsallaka, suka sake kafawa a ƙarƙashin wata bishiyar, daidai saitin ƙofa. Ilu ya ja janareto can nesa, iyakar tsawon waya, don kada ƙararsa ta danne sautin.

Ta juya allo ya kalli titi, ta zauna a gefe, ta fara.

Da farko masu tallar gyaɗa da rake ne suka matso. Sai waɗanda ba su sami shiga ciki ba, sai 'yan acaɓa, sai mata masu dawowa daga asibiti. Ta fara da waƙar daka da kowa ya sani, tana tafe tana lanƙwasa ta, ta ja ta sama, ta karya ta biyu, ta mayar da ita gida. Waɗanda suka iya karatu suna bin haruffan da ido, suna ganin layi yana tsawo kafin su ji shi. Wani ɗan sakandare ya fara cewa na kusa da shi, "Yanzu za ta hau," tun sautin bai fito ba. Gumi yana bin wuyanta, ba ta da hannun sharewa.

Ana cikin haka yatsanta ya zame, ta buga harafin da injin bai sani ba. Sauti ya yanke. Wani rubutun Turanci ya fito a allo, yana cewa umarnin ba daidai ba ne. Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce gyare ya mutu.

Malam Chris ya fito shan iska, yana tsaye kusa da teburin. Ya sunkuyo ya ce a hankali, ba da izgili ba, "Abin da nake gudar miki ke nan. Share allon, ki fara wata."

Ba ta share ba. Ta bar rubutun kuskuren a sama inda kowa ke ganinsa, ta sake buga layin a ƙarƙashinsa, daidai wannan karon. Amma da ta zo wurin da ya yanke ɗazu, sai ta sa masa shiru da gangan, ɗan gajere, sannan ta ci gaba. Ta sake zagayowa, ta sake barin ramin a wurin. A zagaye na uku wata mai tallar fura ta tafa hannu a cikin ramin. A na huɗu rabin taron suka tafa. Daga nan waƙar ta zama tasu da ita, tana ba su wuri suna cikewa, in ta matsar da ramin gaba su yi kuskure su yi dariya su kamo.

Malam Chris ya tsaya har ta kai ƙarshe. "Kin yi dabara," in ji shi. "Amma ban canza magana ba. Gwaji ne a bainar jama'a."

"Na gode da ka tsaya, Malam."

Bayan azahar Goggo Yelwa ta fito da matanta, sun gama nasu wasan a ciki, ƙore a ka. Ta ga taro a tsallaken titi, ta tsallako. Mutane suka buɗe mata hanya. Ta tsaya a gaban teburin ta dubi allon kamar mai duban kayan miyan da ba ta yarda da su ba. Ba ta gaisa ba, sai kawai ta ɗaga murya:

"'Yar malamin shanu ta ƙi allura,
ta kama gyare ta sa a akwati."

Aka yi shewa. Dinah ta kama karin, ta buga, injin ya maimaita shi ba tare da kalmomin ba. Goggo ta sake jefo wani baitin, ta canza masa kari. Dinah ta bi. Goggo ta ƙara sauri. Nan fa abin ya fi ƙarfin Dinah. Kafin ta gama rubuta amsar baiti ɗaya Goggo ta shiga na gaba, injin ya riƙa yin shiru a inda bai kamata ba, in ya yi magana kuma ya zo a baya kamar baƙon da ya iso an nannaɗe tabarmi. Matan Goggo suna dariya a fili. Dinah ba ta ɗaga hannu ba, ta ci gaba da bi tana faɗuwa tana tashi, har Goggo ta gaji don kanta ta tsaya.

"Kunnenki ba laifi," in ji Goggo. "Hannunki ne ke zuwa a makare. Mai kiɗa ba ya jira zabiya ta rufe baki. Tun tana jan numfashi ya san inda za ta sauka."

"Ashe dai kiɗa ne, Goggo."

"Ban ce ba."

Ta gyara mayafi ta wuce, matanta suka bi ta.

Abin bai tsaya nan ba. Wasu daga cikin 'yan kwamitin sun ji haushi, suka ce an janye musu jama'a ana tsakiyar jawabi, kuma da gayya aka yi. Aikin sakatariya ya daina zuwa shagon Alhaji. Ya jure na ɗan lokaci, sannan ya kira Dinah ya ce an ba shi mafita. In ta je ta ba Malam Ya'u haƙuri a gaban kwamitin, ta kuma daina kiɗa a shago, komai zai koma yadda yake.

"Malam Ya'u babana ne, zan gaishe shi ko'ina," in ji ta. "In don jawabin da aka katse ne, zan ce ya yi haƙuri, ban san lokacin ba ne. Amma ba zan ce na yi laifi don na zauna a inuwar da ba ta kowa ba. Kuma ba zan daina ba."

"To ya kike so in yi, Dinah? Ina da iyali."

"Ka nemi wata, Alhaji. Ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ta je ta ba Malam Ya'u haƙurin jawabin, ita kaɗai, a gidansa, ta kuma gaya masa iyakar abin da take ba da haƙuri a kai ke nan. Ta zauna a shagon har ta koya wa wata yarinya aikin. A lokacin Alhaji ya riga ya sayo sabon inji mai hotuna masu launi. Ranar da za ta tafi ya nuna tsohon da haɓa ya ce ta ɗauke shi, wuri yake tare masa. Ilu ya naɗe mata lasifikar a buhu.

Ta sami aikin akawu a wani ɗakin shan magani a Gagarawa. Zakka ya raka ta tasha. Bai yi mata faɗa ba, bai kuma sa mata albarka a kan kiɗan ba. Abin da ya ce kawai shi ne ta riƙa rufe injin da zane saboda ɓeraye suna cin waya.

A Gagarawa wuta ba ta zama, wani lokaci a yi kwanaki ba a gan ta ba. Dinah ta cire madannan daga jikin injin, in ta taso daga aiki ta ɗora su a cinya ta kunna rediyo, duk waƙar da aka sa ta riƙa bugawa a kan matattun madannan, tana ƙoƙarin riga mawaƙin sauka. Maƙwabta suka ɗauka taɓin hankali ne, har sai da wata ungozoma da suke aiki tare ta roƙe ta ta zo sunan jikanta da abin nata. Aka aro janareton mai cajin batir. Daga wannan bikin suna aka fara gayyatarta nan da can, ba sosai ba, galibi gidajen ma'aikata da malaman makaranta, Musulmi da Kirista. Wasu sukan ce ta sa musu waƙar da ta yi a gidan wane. Takan ce waccan ta tafi, sai dai a yi wata. Akwai wanda ya fasa gayyatarta saboda haka, ta ce Allah ya ba da sa'a.

A ƙarshen 1999 aka kira ta wani biki a Sule Tankarkar, auren ƙanwar wani malamin asibiti. Akwai masu kiɗan ƙwarya na garin, mata biyar, an shimfiɗa musu tabarma a bayan ɗakin girki. Dinah ta yi nata da hantsi, su suka karɓa bayanta. Da lokacin abinci ya yi uwar amarya ta kama hannunta ta kai ta ɗaki, inda matan ma'aikata ke zaune a kan kujeru, aka ajiye mata shinkafa a faranti da cokali.

Dinah ta gaisa da kowa, ta ɗauki farantinta ta fito. Uwar amarya ta biyo ta tana tambaya ko an yi mata wani abu ne.

"Ba a yi mini komai ba, Hajiya. Wurin zamana zan je."

Ta zagaya bayan ɗakin girki. Matan suna cin tuwo a akushi ɗaya, suka ɗago suka dube ta. Babbarsu ta ce, "Malama, kin ɓata hanya. Ɗakin manya yana can."

"Nan ne wurin waɗanda suka yi kiɗa?"

"Nan ne."

"To ban ɓata ba."

Babu wadda ta gusa ta ba ta wuri. Tabarmar ma ta cika. Dinah ta cire takalmanta ta jera su a ƙasa, ta zauna a kai a bakin tabarmar, ta ajiye cokalin gefe, ta wanke hannu a ƙwaryar ruwansu. Suka ci nasu, ta ci nata. Can wajen ƙarshe ƙaramarsu ta tambaye ta ko abin nan yana jan mutum in an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Dinah ta ce yana ja, ta nuna mata tabon da ya bar mata a yatsa.